Farantin maganaɗisu da ranar da sifirin ya tashi sama

Wata uku ke nan da na sayi farantin nan mai maganaɗisu a gindi, irin wanda makanikai suke zuba noti a ciki, saboda na gaji da rarrafe a tsakar ɗaki duk lokacin da na kwance bindigar farautata domin in goge ta in sa mata mai. Mai shagon ya kifa farantin a gabana da kusoshi a ciki, ko ɗaya bai faɗo ba, ya ce, “Alhaji, daga yau ka daina asarar kaya.” Ban ko taya ba na biya.

Wata Asabar bayan azahar na shimfiɗa tabarma, na tabbatar babu harsashi a cikin bindigar, na shiga cire notuna ina jefawa a faranti, kowanne yana maƙalewa inda ya faɗa. Da na iso wajen kunama sai ɗan sifirin da yake mayar da ita, wanda da kaɗan ya fi ƙwayar shinkafa, ya kuɓuce daga bakin filaya. Ƙararsa kawai na ji a jikin ƙofa. Garin zabura gwiwata ta bugi farantin, wani ɗan zoben tagulla ya gangara waje, domin maganaɗisu ba ya kama tagulla ko alminiyam, abin da mai shagon bai ga dalilin gaya mini ba.

Har aka kira magariba ina duƙe da fitilar waya. Uwargida ta ce, “Malam, ka bari in yi shara ko zai fito,” na hana ta, don na san inda shara take ƙarewa. Washegari na tafi Panteka, inda ake cewa babu abin da ba a ƙerawa, wani dattijo ya zazzage mini gwangwani guda na sifirin iri-iri, amma wannan ya yi kauri, wancan ya yi sanyi, na dawo gida ina jin kamar in yi jifa da farantin.

Ƙaramin ɗana ne ya ce a ɗaura wa farantin igiya a ja shi ƙarƙashin gado. Da muka jawo shi sai ga allura biyu, da wani tsohon makulli, da sifirin ɗin a manne cikin ƙurar hunturu. A nan kam dole in yaba, ƙarfin maganaɗisunsa ba na wasa ba ne.

Sai dai zoben tagullar har yau ban gan shi ba, kuma robar da ke gindin farantin ta ɓare tun mako na biyu, har ta sa ya karce mini katakon bindiga. Notunan da suka daɗe a ciki su ma sun ɗauki maganaɗisu, suna kwaso garin ƙarfe, sai na bi su ɗaya bayan ɗaya da tsumma kafin in ɗaura. Yanzu duk abin da yake da sifirin a cikin babbar farar leda nake kwance shi, farantin kuwa notuna kaɗai nake ba shi.