Botox, fila ko man shafawa: amsa ga uwar amarya

Hajiya, Allah ya sanya alheri, ya kai mu ranar lafiya. Kin ce shekarunki 46, bikin 'yarki saura wata biyu. Layuka biyu sun kafe a tsakanin girarki har 'yan uwa na tambayarki wa ya taɓa ki, ga wasu kuma sun gangaro daga gefen hanci zuwa gefen baki. Wata ta ce ki yi allurar Botox, wata ta ce fila, wato allurar ciko, mai gyaran jikinki kuma ta ce tana da haɗin da zai ɓare fatar cikin kwana uku. Kina tambaya wanne ya fi.

Kafin a kai ga wanne ya fi, ɗauki madubi ki tsaya inda haske yake. Haɗe gira, ɗaga ta, yi dariya, sannan ki saki fuskar. Tamojin da ke fitowa idan kin motsa fuska, ya lafa idan kin saki, aikin tsoka ne. Wanda ke nan ko kina barci, kamar na gefen hancin nan, kitsen kumatu ne ya ragu, fata ta sauko. Akwai kuma ƙananan nan masu kama da takardar da aka cukuikuye, waɗanda ke yawaita idan hunturu ya kama Kaduna. Su daga bushewa ne da dukan rana. Ciwo uku ke nan, kuma kowanne da maganinsa.

Botox na nau'in farko ne. Guba ce da ƙwayar cuta mai suna Clostridium botulinum ke fitarwa, an tace ta, ana amfani da ɗan mitsitsi. Asali likitocin ido ke yi wa masu harara-garke da masu yawan ƙiftawar ido. Wata likitar ido a birnin Vancouver na Kanada, Jean Carruthers, ita ta lura a 1987 cewa tamojin tsakanin girar majinyatanta na ɓacewa, kuma sai a 2002 hukumar magunguna ta Amurka ta amince a yi ta don kwalliya. Abin da take yi shi ne tare saƙon da jijiya ke aika wa tsoka, sai tsokar ta daina tsukewa, fatar da ke samanta ta miƙe. A tsakanin gira yawanci ana tsira allurar a wuri biyar. Ba a fita daga ɗakin likita da sabuwar fuska. Sai kwana 3 zuwa 5 za ki fara gani, ta kammala aiki a mako biyu, ta sake ki bayan wata 3 zuwa 4. Wato duk wadda ta shiga wannan hanya ta yi lissafin biya sau uku ko huɗu a shekara, kuma kaya ne na waje, duk inda dala ta nufa can kuɗinsa zai bi. Maganar da ake yi cewa idan kin daina fuska za ta zube, ba haka ba ne. Tana komawa yadda take ne, ido ne ya riga ya saba da santsin.

Fila, wato allurar ciko, ba ruwanta da tsoka. Wani abu ne mai kauri kamar yauƙin kuɓewa da ake kira hayaluronik asid, wanda dama akwai shi a jikinmu, aikinsa riƙe ruwa. Ana zuba shi ƙarƙashin fata ya cike gurbin da ya lotsa. Restylane ta samu izini a Amurka a 2003, Juvéderm a 2006. A nan take ake ganin canji, kuma yana kai wata 6 zuwa 18, ya danganta da irinsa da inda aka sa shi. To kin ga idan aka jera su, fila ta fi saurin nunawa, ta fi daɗewa. Shi ya sa mata ke ruɗuwa.

Amma idan aka zo maganar haɗari, ni na fi tsoron fila nesa ba kusa ba. Kuskuren da aka fi gani a Botox shi ne fatar ido ta sauko, ko gira ɗaya ta fi ɗaya tsayi. Abin kunya ne a hoton biki, amma yana warwarewa da kansa cikin makonni. Ita fila idan allura ta faɗa jijiyar jini, tana toshe ta. Fatar wurin na iya mutuwa, kuma an samu waɗanda suka makance. Wuraren da wannan ya fi faruwa su ne hanci da tsakanin gira, daidai inda layukanki biyu suke. Saboda haka duk wanda ya ce zai cike miki su da fila ba tare da ya ambaci wannan ba, ki ɗauki jakarki. Abin da ke ɗan kwantar da hankali shi ne irin ta hayaluronik tana da makari, wata allura mai suna hyaluronidase da ke narkar da ita. Ki tambaya kai tsaye: "Akwai makarin a ɗakin nan yanzu?" Idan aka fara inda-inda, kin samu amsa. Wadda ake cewa ta dindindin ce, irin ta silikon, kada ma ki saurara, don ba ta da makari sai wuƙa.

Wani abu game da Botox da ya shafe mu a nan: sanyi take so, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Ke ma kin san halin wutarmu. Kwalbar da ta kwana biyu a firjin da ba wuta, ko ta zo cikin jakar 'yar Dubai, ba ki san me ya rage a cikinta ba. Ga jabu. A 2024 hukumomin lafiya na Amurka sun yi gargaɗi bayan an kwantar da mata a asibiti saboda allurar jabu da wadda aka yi musu a gidaje da shagunan kwalliya. Idan can an yi, ina ga nan da kowa ke da shafi a Instagram? Mai ciki da mai shayarwa ba a yi musu, haka mai ciwon raunin tsoka.

Yanzu ga wanda ba ya tashe amma ya fi su hujja: man tretinoin. Tun 1971 ake ba masu ƙuraje shi, a 1995 aka amince da shi don ƙananan tamoji. Yana sa fata ta riƙa sabunta kanta, ta ƙara kolajin, wato zaren da ke riƙe ta. Yana kuma rage baƙin tabo, wanda a fatarmu ya fi tamoji tsufar da fuska. Retinol da ke cikin mayukan kanti ƙanensa ne, bai kai shi ƙarfi ba. Matsalarsa haƙuri: wata 3 zuwa 6 kafin ki ga abin kirki, kuma makonnin farko fuska na bushewa, tana saɓa, tana zafi. Ana farawa da mai sauƙi, kashi 0.025 cikin ɗari, ɗan kamar ƙwayar wake, da dare, sau biyu ko uku a mako. Mai ciki ko mai neman ciki ta bar shi. Ba zai taɓa layin tsakanin girarki yadda Botox za ta yi ba, ba kuma zai cike kumatu ba. Shi ingancin fatar kanta yake gyarawa, abin da allurai biyun ba sa yi.

Abokin tafiyarsa man kariyar rana, mai lamba SPF 30 zuwa sama. Na san za a ce baƙar fata ba ta buƙata. Gaskiya ne launinmu na kāre mu, shi ya sa tamoji ke jinkirin zuwa mana fiye da Turawa. Amma kariyar ba cikakkiya ba ce, balle ga mai tsayuwa a ranar Maris da Afrilu tana jiran Keke a Kawo. A wani bincike da aka yi a Ostireliya, aka wallafa a 2013, mutum 903 aka bi shekara huɗu da rabi, masu shafawa kullum suka nuna tsufar fata ƙasa da sauran da kashi 24 cikin ɗari. Man kaɗanya kuwa yana da kyau ga bushewar hunturu, yana lafar da ƙananan layuka na wunin, amma iyakarsa ke nan.

Sai haɗin kwana ukun nan. Hajiya, don Allah a'a. Ɓare fata da asid da ƙona ta da hasken na'urar leza duk hanyoyi ne na gaske a hannun likita, amma mu ne suka fi yi wa illa. Likitocin fata na da ma'auni da Thomas Fitzpatrick ya kawo a 1975, mai rukuni shida, yawancinmu muna na 5 da na 6. Irin wannan fata duk abin da ya ƙona ta, da baƙin tabo take ramawa, wasu ma tabon ya kumbura ya yi tudu. Wata ƙawata ta yi irin haɗin nan ana saura kwana goma bikin ƙanwarta. Rana ta uku ta yi fes, kowa na yabawa. Zuwa ranar kamu kumatunta sun yi baƙi kamar gindin tukunya, ta fi wata takwas tana fama. Idan ana son wani abu a wannan layin, ɓarewa mai sauƙi da asid ɗin glycolic ko salicylic, ko tsattsaga fata da ƙananan allurai da ake kira maikronidilin, sun fi dacewa da mu, su ma a asibiti, kuma ba dab da biki ba.

Akwai tambayar da ba ki yi ba, ni zan yi miki: wane mai kike shafawa yanzu? Yawancin mayukan haɗi na ƙara haske akwai sinadarin clobetasol ko hydroquinone a ciki. Na farkon yana sirantar da fata har jijiyoyi su fito, kuma siririyar fata ita ta fi saurin yamushewa. Na sha ganin mace 'yar 35 da tamojin 'yar 50, ba shekaru ba ne, kwalbar kan madubi ce. Idan kina amfani da irinsa kin daɗe, kada ki yanke lokaci ɗaya, fuskar za ta yi bore. Likita zai janye miki shi a hankali.

Da ni ce ke, ga yadda zan yi da wata biyun nan. Wannan makon zan nemi ganin likitan fata, ko a asibitin koyarwa na Shika ko Barau Dikko, ya duba fuskar ya faɗa mini wanda ya yarda da hannunsa, ko da sai na hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja. Zan tabbatar mai allurar likita ne mai rajista da hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, a buɗe kwalbar a gabana, in ga suna da ranar lalacewa. Botox a tsakanin gira kawai, ana saura mako 4 zuwa 6, don idan wani gefe bai daidaita ba a samu lokacin gyarawa. Fila zan bar ta sai bayan biki, domin kumburi da taruwar jini na iya kai mako biyu, kuma layin gefen hanci ba ya sa a ce mutum na fushi. Man kariyar rana daga gobe. Tretinoin kuma sai an kai amarya ɗakinta, an mayar da kujerun haya.

Ranar bikin ki gaya wa mai kwalliya ta rage hoda a goshi da ƙasan ido. Hoda mai kauri cikin layukan take kwanciya, kafin a gama hotuna ta fito da su fiye da yadda suke.