Jatan lande da kifin ƙasan tanki: wane da wane za su zauna lafiya?

Kafin ka ciro kuɗi, tsaya ka kalli bakin kifin. Duk abin da zai iya shiga bakin kifi abincinsa ne, kuma jatan landen da aka ƙyanƙyashe yau bai wuce milimita 2 ba. Mai shago zai ce maka kifin ba shi da faɗa, wataƙila ma gaskiyarsa ya faɗa, amma rashin faɗa daban, yunwa daban. Su biyun a ƙasan tankin gilashi na kifin ado suke kiwo, wuri ɗaya suke tono dare da rana. Don haka tambayar farko ita ce: so kake jatan landen su hayayyafa, ko 'yan kaɗan kake so na kallo da share gansakuka?

Idan hayayyafa kake so, jan nan da ake kira ceri za ka nema, wato Neocaridina davidi, wanda asalinsa daga Taiwan da Sin yake. Tsawonsa santimita 2 zuwa 3, yana da juriya, kuma yana haihuwa a ruwan daɗi ba tare da wata dabara ba. Macen takan riƙe ƙwai 20 zuwa 30 a ƙarƙashin cikinta kusan wata guda, za ka gan ta maƙale a ganye tana yi musu fifita da ƙananan ƙafafunta. Wanda ya taɓa ganin haka ba zai so ya zuba wa 'ya'yan abin da zai cinye su ba.

Amano, wato Caridina multidentata, ya fi girma, yakan kai santimita 5. An laƙaba masa sunan Takashi Amano, Bajafanen da ya yaɗa amfani da shi wajen cin gansakukar tanki. 'Ya'yansa ba sa rayuwa sai a ruwa mai gishiri-gishiri, saboda haka ba zai ƙaru a tankinka ba, amma girmansa ya tsare shi daga bakin yawancin ƙananan kifaye. Shi kuwa kiristal mai ratsin ja da fari, kyau kam ba a magana, sai dai yana son ruwa mai sanyi da bai wuce digiri 24 ba. A garin da zafin Afrilu ke haura 40, ka bar shi inda ka gan shi, sai fa in ɗakin na da na'urar sanyaya iska da ba ta mutuwa.

Akwai kuma namu na Afirka ta Yamma, Atya gabonensis, wanda ake kamowa a koguna har da na Najeriya. Yakan kai santimita 15, kamanninsa da ban tsoro, amma ba ya taɓa kowa. A maimakon awartaki, hannuwansa kamar mafici suke, yakan zauna inda ruwa ke gudu ya buɗe su yana tace abinci. Yana jure ɗumi, yana son ramin ɓuya. Kada dai ka rikita shi da Macrobrachium, jatan landen kogi mai dogayen hannuwa masu awartaki. Wannan mafarauci ne, da dare zai kama ƙananan kifayenka ɗaya bayan ɗaya.

A ɓangaren kifi, wanda na fi amincewa da shi shi ne Otocinclus, ɗan ƙaramin kifin Kudancin Amurka mai santimita 4 zuwa 5. Bakinsa na tsotsa ne, yana kankare gansakuka a jikin gilashi da ganye, ba ruwansa da 'ya'yan jatan lande. Matsalarsa ɗaya: yawancinsu daga kogi ake kamo su, suna isowa shago da yunwa bayan doguwar tafiya. Ka duba cikinsa ta jikin gilashi. In ya cika ya yi tumbi, saya. In ya lotsa ciki, ƙyale shi, da wuya ya kai mako biyu a hannunka. Kuma ba a sa shi a sabon tanki, sai wanda ya yi watanni ya tara abin da zai kankara.

Sai dangin Corydoras, su ma 'yan Kudancin Amurka. Ƙaramin cikinsu, pygmaeus, bai wuce santimita 3 ba, bakinsa bai isa ya taɓa babban ceri ba, ko da yake zai ɗauki jariri ɗaya biyu in ya ci karo da shi. Manyan, irin su aeneus mai ruwan tagulla, sun fi shi ɗauka, amma ba farauta suke yi ba, tsintuwa ce a cikin tono. Panda na da farin jini saboda baƙin tabon idonsa, sai dai ruwa mai ɗan sanyi yake so. A ƙasar zafi sterbai ya fi dacewa, domin yana zama daram a digiri 28. Ko wanne ka zaɓa, kada su gaza shida, don kifin garke ne, kuma ka shimfiɗa musu yashi mai laushi. Tsakuwa mai kaifi tana cinye musu gashin baki. A kan yashi za ka ga abin sha'awa: kifin zai cusa hanci har ido, ya ɗebi yashin da baki ya furzar ta gefen kai. In ya yi sama da gudu ya shaƙi iska ya dawo, ɗabi'arsa ce.

Kuhli, mai kama da ɗan maciji daga Indonesiya da Malesiya, yana tafiya daidai da Amano da Atya. Da ceri kuwa za ka yi asarar 'ya'ya, saboda da dare yake fita kuma siririn jikinsa na ratsa duk lungun da suke ɓuya. Kilawun loc mai ratsin baƙi da ruwan lemo ana sayar da shi ƙanƙane, amma yakan kai santimita 30, kuma dodon koɗi da jatan lande su ne cimarsa. Babban fileko, kifin nan mai bakin tsotsa da ke manne wa gilashi, shi ma yakan wuce santimita 40, ya cika tanki da kashi. In kana son irinsa, nemi Ancistrus mai tsayawa a 12 zuwa 15.

Ƙurungu da tarwaɗa, kada ka fara. Na taɓa sa ɗan ƙurungu mai tsawon yatsa a tankin da ke da ceri sama da ashirin, bayan mai sayarwa ya ce mini tarkace kawai yake ci. Da rana yana kwance ƙarƙashin itace ba ya ko motsi. Cikin mako uku biyar suka rage, kuma har yau abin yana cina.

Ga mai farawa, ni dai zaɓina tanki mai lita 60, ceri goma da Otocinclus ko pygmaeus shida. In ɗakinka na da zafi sosai, Atya da sterbai a tanki mai lita 100 zuwa sama. Matatar soso ce ta dace, don sauran matatun na zuƙe jarirai. Ka cika wani sashe da ciyawar ruwan nan da ake kira Java moss, ka jefa busasshen ganyen almon na Indiya guda biyu su zama maɓoya. Ka haɗa da famfon iska mai batir saboda ɗaukewar wuta, domin ruwan ɗumi ba ya riƙe iska sosai. Maganin kifi mai sinadarin jan ƙarfe (copper) yana kashe jatan lande, haka ma maganin sauro na fesawa da fiya-fiya, ko da a ɗakin kawai aka fesa.

Ka bar tankin yana aiki babu komai mako huɗu zuwa shida. Sannan ka fara sa jatan landen su kaɗai, kana ɗiga musu ruwan tankin a ledarsu kaɗan-kaɗan na tsawon awa guda kafin ka sake su. In ka ga fatar da suka saɓe kwance fara kamar ɓawon albasa, bar ta, za su cinye abinsu. Sai ka ga 'ya'yan farko sun fara yawo a kan ciyawa, sannan ka koma shago ka ɗauko kifin.