Odessey and Oracle: faifan da masu shi suka watse kafin ya fito

Waƙoƙi 12 ne, minti 35 ko kusa da haka, kuma idan ka cire guda ɗaya da zan yi ƙorafi a kanta nan gaba, babu wadda nake tsallakewa. Wannan shi ne taƙaitaccen ra'ayina game da Odessey and Oracle, faifan da ƙungiyar The Zombies ta Ingila ta fitar a watan Afrilun 1968. Nawa sabon bugu ne na faifan garmaho da ƙanena ya taho mini da shi daga Landan, bayan na daɗe ina jin waƙoƙin a waya ina cewa wata rana sai na riƙe abin a hannuna.

Ba kowa zai san su ba, don haka bari in ɗan gabatar da su. Samari biyar ne daga garin St Albans, arewa da Landan kaɗan: Colin Blunstone mai jan baki, Rod Argent a kan fiyano da ogan, Chris White a kan jitar bes, Paul Atkinson a kan jita, sai Hugh Grundy mai ganguna. Sun yi tashe a 1964 da waƙar She's Not There, wadda ta kai su har Amurka. Daga nan kasuwa ta fara ja baya. Zuwa 1967 suna fitar da waƙa ba ta shiga, kuɗin wasa ba ya isa, ga shi waɗanda ke ɗan samun na kashewa su ne masu rubuta waƙoƙin, wato Argent da White. Sauran ukun suna ji a jikinsu.

A cikin wannan hali kamfanin CBS ya ba su fam 1,000 su yi faifai. Suka shiga situdiyon Abbey Road a tsakiyar 1967, jim kaɗan bayan The Beatles sun kammala faifansu na Sgt. Pepper a wurin, wasu waƙoƙin kuma suka ɗauke su a situdiyon Olympic. Fam dubu ba ya ɗaukar ɓata lokaci. Sai sun haddace waƙa tsaf a waje sannan su shiga su ɗauka, kuma babu kuɗin hayar masu goge da masu busa cike da ɗaki yadda manyan ƙungiyoyi ke yi. Abin da ya rage musu shi ne maƙogwaronsu da wata na'ura mai suna Mellotron, mai kama da fiyano, wadda kowane maɓalli nata yake kunna ɗan zaren kaset da aka naɗi sautin goge ko sarewa a kai. Sautinta yana ɗan rawa, kamar kaset ɗin da rana ta taɓa, kuma wannan rawar ce ke ba faifan yanayin mafarkin da ake danganta shi da shi.

Ni dai muryoyin ne suka kama ni. Mu da muka tashi da Shata da Ɗan Ƙwairo mun san daɗin amshi: uban waƙa ya jefa, 'yan amshi su cafe baki ɗaya, duk a kan layi guda. Waɗannan ba haka suke yi ba. Mutum uku za su riƙe kalma ɗaya a lokaci ɗaya, amma kowa da matakinsa, wani a ƙasa, wani a tsakiya, wani can sama, sai su haɗu su zama abu guda mai kauri. Argent ya yi waƙa a ƙungiyar mawaƙan babbar majami'ar St Albans tun yana yaro, kuma ana jin wannan tarbiyyar a yadda yake jera muryoyin, ba ya barin ko ɗaya ta yi yawo.

A waƙar farko, Care of Cell 44, akwai wani wuri da nake jira kullum. Kayan kiɗa su ja baya, a bar muryoyi kaɗai suna gunji a hankali ba tare da kalma ba, kamar masu shawara a ƙasa-ƙasa, na 'yan daƙiƙoƙi. Kana cikin sauraron wannan sai Blunstone ya fasa da murya can sama, komai ya dawo lokaci guda. A lasifikar waya wurin yana wucewa ne kawai. A garmaho, da lasifika biyu a kusurwoyin falo, har numfashin da yake ja kafin ya ɗaga muryar ana ji. Muryarsa tana da wani hazo-hazo, ba ta da kaifi, amma ba ta karyewa.

Abin dariyar shi ne waƙar nan mai sa mutum kaɗa kai wasiƙa ce zuwa ga masoyiyar da ke gidan yari, ana ɗokin ranar da za a sako ta. Haka faifan yake kusan duka: fuska a sake, ciki da damuwa. A Rose for Emily fiyano ne da muryoyi kawai, labarin matar da ta tsufa ta mutu ba wanda ya taɓa kawo mata fure. Brief Candles baiti uku ce, Argent da White da Blunstone kowa ya ɗauki ɗaya, kowanne baiti da mutumin da kaɗaici ya dama, amma da an zo amshi sai ka ce biki ake. Beechwood Park kuwa kewar ƙuruciya ce zalla, tunanin damina da yawo a unguwar da aka baro.

Wannan ta ƙarshen ita ta fi taɓa ni, ko da yake ban taɓa taka Ingila ba. A gidanmu akwai garmahon Baba a falo, an lulluɓe shi da ƙyalle mai aikin hannu, kuma yaro bai isa ya taɓa allurar ba. Faya-fayan Turawa kaɗan ne a ciki, an fi jin na Indiya da na gida, kuma wannan ba ya cikinsu. Duk da haka da allura ta sauka na ji ɗan ƙas-ƙas ɗin nan kafin kiɗa ya fara, falon ne ya dawo mini gaba ɗaya, har da ƙanshin turaren wuta.

Gefe na biyu ya fi fara'a. I Want Her She Wants Me tana tafe da sauri ba nauyi. Friends of Mine jerin sunayen abokansu ne masoya, bibbiyu, ana rera su a baya kamar kiran rajista, waƙar da ba ta da wani buri illa murnar ganin wasu suna son juna. Sai This Will Be Our Year, wadda a wurina ita ce zuciyar faifan. Minti biyu ce da 'yan daƙiƙoƙi, fiyano yana saukowa mataki-mataki, mutum yana gaya wa matarsa ko budurwarsa cewa an sha wuya amma bana tamu ce. Chris White ne ya rubuta ta. Shi ya rubuta 7 daga cikin 12, Argent ya rubuta 5, kuma ina ganin ba a yaba wa White yadda ya kamata.

Ga ƙorafina. Ana gama wannan daɗin sai Butcher's Tale ta faɗo, labarin sojan da ke fagen daga a Yaƙin Duniya na Ɗaya, White na rerawa da murya mai rawa a kan wata tsohuwar ogan mai huci. Na san da gangan aka yi ta don ta tayar da hankali, kuma ta tayar. Amma a wurin da aka ajiye ta, tana yanke mini jin daɗi, ga shi a garmaho tsallake waƙa sai ka tashi ka ɗaga allura. Abin mamaki, ita kamfanin ya zaɓa ya tura gidajen rediyon Amurka a 1968, da tunanin za ta shiga saboda yaƙin Vietnam. Ba ta shiga ba.

Ƙorafi na biyu a kan bugun ne. Nawa sitiriyo ne, wato an raba sautin dama da hagu, kuma tun asali a mono suka haɗa faifan, wato duk sautin a haɗe wuri guda. Da kamfani ya ce sai an kawo na sitiriyo, kuɗi sun ƙare, Argent da White suka biya daga aljihunsu. Da lasifika ba laifi, amma idan ka sa abin kunne, a wasu wuraren za ka ji kayan kiɗa sun rabu, wannan a dama wancan a hagu, saƙar ta ɗan saki. Kwalin ma ya iso da lanƙwasa a kusurwa ɗaya, sai dai wannan laifin jakar tafiya ne. Zanen bangon, mai launuka barkatai da mutane a cakuɗe, aikin Terry Quirk ne, abokin zaman White, kuma a girman faifai ne kawai ake ganin abin da ke cikinsa.

Wani zai ce ai kiɗan saikedelik, salon mai kama da mafarki da ake sa wannan faifan a cikinsa, kiɗan 'yan ƙwaya ne. Gaskiya ne salon ya taso a lokacin da matasan San Francisco da Landan ke shan ƙwayar LSD, kuma wasu faya-fayan zamanin hayaniya ce da jan waƙa har minti goma. Wannan ba ya cikinsu. Hung Up on a Dream ce kaɗai ta leƙa waccan duniyar, ita ma daga nesa, kamar mai ba da labarin mafarki. Sauran gajeru ne, a tsare, za ka iya sa su yara na falo.

Time of the Season ce ta rufe faifan, kuma ita kowa ya sani: bes, tafi ɗaya, sai hucin numfashi, a maimaita. Tana da daɗi, amma ba ta kai waɗanda na fi yabawa a baya ba a wurina. Lokacin da faifan ya fito ƙungiyar ta riga ta watse tun ƙarshen 1967, Blunstone har ya kama aiki a kamfanin inshora. A Ingila ba a saya ba. Al Kooper, mawaƙin da ke aiki da kamfanin faya-fayan Columbia a Amurka a lokacin, shi ya nace sai an fitar da shi a can, kuma a 1969 Time of the Season ta hau mataki na 3 a jadawalin Billboard na waƙoƙin da ke tashe a Amurka. Babu ƙungiyar da za ta zagaya da ita, sai wasu 'yan damfara suka riƙa hawa dandamali a Amurka da sunan The Zombies suna karɓar kuɗin jama'a. Sai a 2008 huɗun da suka rage suka rera faifan daga farko har ƙarshe a gaban jama'a a Landan, Atkinson ya riga ya rasu a 2004. A 2019 aka shigar da su Rock and Roll Hall of Fame, zauren karrama fitattun mawaƙa a Amurka.

Wanda bai da garmaho kada ya ce sai ya saya, faifan yana nan a manhajojin sauraron waƙa, a nemi lasifika mai kyau kawai a bi shi a jere. Wanda ya ji ya yi masa, ya nemi Pet Sounds na The Beach Boys na 1966 da Begin na The Millennium na 1968, duk gidan saƙar murya ne. Ni yanzu bugun mono nake nema, idan akwai mai shi da zai rabu da shi a farashin mutunci.