Kisa a shagon tsofaffin kaya: wane littafi za ka fara saya?

Akwai irin labarin binciken da ba ya hana mutum barci. Za a yi kisa, amma ba za a nuna maka jini ba, kuma mai gano bakin zaren ba ɗan sanda ba ne, dillalin kayan tarihi ne ko mai yi wa zane kuɗi. Wanda ya saba kifa kujera ya duba ko ƙusar aikin maƙeri ce ko ta inji, ai maƙaryaci ba zai ba shi wahala ba.

Sunan da za a fara kawo maka shi ne Lovejoy, tauraron littattafan Jonathan Gash, wanda ya soma fitowa a 1977. Dillali ne a gabashin Ingila, ko da yaushe aljihunsa wayam, amma da ya matso kusa da kaya na asali sai ya ji kamar ƙararrawa a ƙirjinsa. Wajen tona asirin masu haɗa jabu babu na biyunsa. Sai dai a yi hattara: wanda ya san shi ta shirin BBC da aka fara a 1986 zai sha mamaki, domin na littafin mayen mata ne, ga faɗa, ga baƙar magana. Idan hutu kake nema, bar shi sai gaba.

Ni da za a tambaye ni, Jane K. Cleland zan nuna. Tauraruwarta Josie Prescott ta bar wani babban gidan gwanjo na New York bayan ta fallasa haɗin baki kan farashi, ta buɗe nata a New Hampshire. Tun littafin farko na 2006, aikin ƙiyasta daraja shi ke jan labarin: wa ya mallaki kayan, ina rasit, a hannun wa suka kwana shekarun da takarda ta yi shiru? Josie takan cika zurfin tunani, wani lokaci har ka ƙosa, amma ba za ka rufe littafin hannu rabbana ba.

Mai son dariya kuwa ya nemi na Barbara Allan, sunan da mata da miji suke rubutu da shi. Uwa da 'ya ne ke sa-in-sa, ga 'yar karyarsu makauniya. Ilmin kayan kaɗan ne.

Idan zane ya fi ɗaukar hankalinka, Iain Pears masanin tarihin zane ne, kuma littattafansa bakwai kan wani masanin zane mai suna Jonathan Argyll da 'yan sandan Italiya masu farautar ɓarayin zane sun fara a 1990. Su kam a bi su a jere, don soyayyar Argyll da Flavia, mai aiki da 'yan sandan, a hankali take tafiya. Wanda ya faɗo a na biyar zai tarar an yi nisa ba da shi ba.