Magana Jari Ce ko Ruwan Bagaja: wanne ya fi dacewa da darasin mulki da ƙarya?

Malama, Magana Jari Ce za ki saya wa yaran, littafi na ɗaya. Tunda kin ce kuɗin ba zai kai biyu ba, kuma abin da kike so su tattauna shi ne mulki da ƙarya da halin kirki, zaɓin ba shi da wuya. Duka biyun alƙalamin Abubakar Imam ne, amma ba aiki ɗaya suke yi ba.

Mutane da yawa suna tuna Magana Jari Ce ne da gajerun labaran da ke ciki, waɗanda sun haura 80 a littattafan uku. Abin da zai yi miki amfani ba su ba ne, babban labarin da ya ɗauko su ne. Sarki Abdurrahman ɗan Alhaji ya daɗe ba shi da ɗa namiji, Waziri kuwa ya riga ya sa rai da gadon sarauta. Sai aka haifi Musa, lissafinsa ya rushe. Da rikici ya tashi tsakanin Sarki da Sarkin Sinari, Waziri ya haɗa baki da abokan gaba a ɓoye, alhali kullum yana gaban Sarki yana faɗuwa yana gaisuwa. Sarki ya fita yaƙi tare da jikansa Mahmudu, aka bar Musa a gida, shi kuma ya ƙagu ya bi su. In ya fita, ya faɗa hannun Waziri.

A nan ne littafin ya yi abin da ba kasafai ake samu ba. Masu magana uku ne a gaban mai iko, kowa da hanyarsa. Waziri yana ƙarya don kansa. Macen aku, matar Aku tsuntsun fada mai magana, ta gaya wa Musa gaskiya tsirararta, cewa bai kamata ya fita ba, ya fusata ya kashe ta. Aku ya ga abin da ya sami matarsa, sai ya canja salo: ba ya cewa kada ka tafi. Yakan nuna kamar ya yarda, ya yaba wa Musa, sai ya jefa wata magana mai ja, Musa ya ce ba ni labarin, kafin a gama gari ya waye, tafiya ta fasu. Gobe ma haka.

To ki tambayi yaran: shin Aku ba yaudarar Musa yake yi ba? Yaudara ce ƙarara. Ya san ba ya nufin barinsa ya tafi, amma yana nuna masa akasin haka. Kayan aikinsa da na Waziri ɗaya ne, zaƙin baki da ɓoye nufi. Ɗaya ya ƙare a hallaka, ɗaya aka naɗa shi Waziri. Wadda ta faɗi gaskiya ba kwana-kwana ita ce ta fara mutuwa, kuma labarin ya wuce ta ba tare da ya tsaya yi mata wani dogon makoki ba. Wannan kaɗai zai ci muku darasi biyu, don yaran da suka taso da jin cewa gaskiya dokin ƙarfe ce za su yi gardama sosai, kuma gardamar ake nema. Kada ki yi saurin raba musu. Wasu za su ce niyya ce ta raba Aku da Waziri. Wasu za su ce laifin na Musa ne, tunda shi ya mayar da faɗar gaskiya abin tsoro a gidansa. A ganina na biyun sun fi kusa da abin da ke kan takarda, kuma shi ne bangaren da malamai suka fi tsallakewa, saboda Musa ɗan Sarki ne kuma labarin yana sonsa. Shi ma Sarkin ba a wanke shi: shekara da shekaru maci amana yana zaune a damansa bai gane ba.

Ga yadda za ki bi da shi. Kafin ki shiga aji, ki ɗauki fensir ki ja layi a gefen duk inda ake zancen Sarki, Waziri, Musa da Aku, wato farkon littafin, da ƴan sakin layin da ke tsakanin labari da labari, da ƙarshensa. Ki sa a karanta waɗannan a jere tukuna, kamar littafi mai zaman kansa. In kika bi shafi bayan shafi tun daga farko, yara za su shagala da dariyar su Sahoro da Sahorama, su manta da cewa akwai mai jiran Musa a waje. Bayan nan sai ki koma kan gajerun labaran, kowanne a yi masa tambaya guda: me ya sa Aku ya zaɓi wannan a daren nan? Littafi na biyu da na uku kuwa ki bar su sai kuɗi ya samu. A na biyu gasar ba da labari ce tsakanin Waziri Aku da wani akun, Haziƙ, a na uku kuma yana koyar da ɗansa Fasih. Suna da daɗi, amma barazanar da ta riƙe na ɗaya babu ita.

Ruwan Bagaja fa? Littafi ne mai ban dariya, ba a musu, kuma shi ya fito da sunan Imam a gasar rubutu da Rupert East, Baturen Hukumar Fassara, ya shirya a Zariya a 1933, aka buga shi a 1934, shekara uku kafin Magana Jari Ce ya fara fitowa a 1937. Amma ƙaryar da ke cikinsa wasa ce. Alhaji Imam, jarumin labarin, ya cuci Malam Zurƙe, Zurƙe ya rama, a tashi a sake haɗuwa a wani garin. Wuri ɗaya ne zan ce ya taɓo abin da kike nema: inda Alhaji ya zana alama a ƙasa, Zurƙe mai ilimin gaske ya karanta ta a matsayin harafi, Alhaji ya ce wa jama'a ai tsayuwar wata ce, jahilan gari suka bi maƙaryacin suka kori malamin. Wannan ki ba su da baki, minti biyar ya isa. Ban da shi, ba a tsayawa a yi wa Alhaji hisabi, tunda shi ne mai ba da labarin kansa. In ma wani littafin daban za ki ƙara wata rana, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fi kusa da darasinki, ko don abin da fadawa suka yi wa Makau, mijin uwar Umar: hassada ta sa suka ce ya ɓoye wasu daga bayin da aka kamo, Sarki ya hau kai ya zauna, aka kore shi daga gari.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara wajen saye. Ana samun Magana Jari Ce a shagunan littattafai na kasuwannin Sabon Gari da Kurmi a Kano, sai dai na jabu ya yi yawa a gari, kuma bangonsa ba ya nuna komai. Na asali bugun kamfanin ɗab'i na Arewa ne, wato NNPC na Zariya. Ki buɗe ciki. Na jabu hoton wani tsohon kwafi aka ɗauka, don haka zane-zanen sukan dusashe ko su yi baƙi ƙirin, lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ ta cushe, rubutun ya karkace a wasu shafukan. Ki bi lambobin shafi da yatsa daga farko har ƙarshe. Ana naɗe takardar littafi ne ƙunshi-ƙunshi, galibi shafi 16, shi ya sa in an yi kuskuren haɗawa ba shafi ɗaya ke ɓata ba, 16 ne ke tafiya gaba ɗaya, ko ki ga wani ƙunshin ya zo sau biyu. Shafukan ƙarshe su suka fi muhimmanci a gare ki, don a nan asirin Waziri ke tonuwa. Ki buɗe tsakiyar littafin ki ɗan danna: in gam ne kawai aka shafa siriri, za ki ji yana ƙara, kuma ba zai kai ƙarshen zango a hannun yara ba.

Tunda da yawa za ki ɗauka, kada ki yarda a nuna miki guda mai kyau a ɗaure miki sauran a kwali. Ki zaro uku ko huɗu daga tsakiya da hannunki. In na ɗaya ya ƙare a shagon, akwai mai ce miki ki ɗauki na biyu ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, cin amanar Waziri ba ya ciki. Masu tallan kwafin waya a WhatsApp su ma a kan wannan suke cin mutane, a tura kuɗi a samu rabin littafi. Ki yi sharaɗi da mai shago a gaban shaida cewa duk wanda aka samu da giɓi za a canja, kuma ya rubuta hakan a jikin rasit.