Janareta, Sola, Ko A Jira "Ranar" Da Sinawa Suka Ƙera? Lissafi Kafin Ka Fitar Da Kuɗi A Kaduna

Da zarar wuta ta yi kwanaki ba ta leƙo ba, sai wani bidiyo ya fara yawo a WhatsApp: wai Sinawa sun ƙera rana tasu ta kansu, nan ba da jimawa ba lantarki zai zama kyauta. Wasu raha suke yi da shi. Amma akwai magidanci a Tudun Wada ko mai shago a Kawo da ya tara ɗan abin da ya tara zai sa sola, ya tsaya yana tunanin ko ya dakata, kada ya sayi abin da za a daina yayinsa gobe.

Labarin ba ƙarya ba ne, ƙarin gishiri aka yi masa: "ranar" da ake faɗa na'urar gwajin wata sabuwar fasahar nukiliya ce. Nukiliyar da duniya ta saba da ita fasa ƙwayar zarra mai nauyi ake yi, irin ta yuraniyam. Ƙaramar na'urar bincike da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wadda ta fara aiki a 2004, irin wannan ce. Sabuwar da ake magana a kai kuwa haɗa ƙwayoyi marasa nauyi ake yi: nau'i biyu na haidurojin, diyuteriyam da tiritiyam, a matse su cikin tsananin zafi har su haɗe su zama hiliyam, ƙarfi ya fito. Irin wannan haɗewar ƙwayoyi ce ke faruwa a cikin rana. Sai dai zafin cibiyar rana wajen digiri miliyan 15 ne, a nan duniya kuma sai an haura miliyan 100, saboda ba mu da irin nauyin da rana ke danne kayanta da shi. Wannan sabuwar nukiliya ba ta hayaƙi, ba ta kuma iya ƙwacewa ta ci gaba da ci kamar yadda aka gani a haɗarin tashar nukiliya ta Chernobyl, domin da an sami tangarɗa mutuwa take yi.

To ina aka kwana? Na'urar Sin da ake kira EAST, a birnin Hefei, ta riƙe wannan zafi na daƙiƙa 1,066 a Janairun 2025. Wata guda bayan haka na'urar WEST ta Faransa ta kai daƙiƙa 1,337, sai dai zafinta bai kai haka ba. Babu wadda ta kunna ko ƙwai ɗaya na fitila a cikinsu, gwaji ne kawai. A Disambar 2022 wata cibiya a jihar Kalifoniya ta Amurka ta harba hasken leza 192 kan ɗan ƙwayar makamashi, aka zuba ƙarfin da ya kai megajul 2.05 (ma'aunin ƙarfi ke nan) aka sami 3.15, duniya ta ɗauka. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, lezar kanta ta sha wutar da ta kai wajen megajul 300 kafin ta yi wannan harbi. Babban aikin haɗin gwiwa na ITER da ake ginawa a kudancin Faransa kuwa, a 2024 aka sake ɗage jadawalinsa: sai 2039 za a fara gwaji da cikakken makamashin, kuma ko an yi, ba a tsara shi don sayar wa kowa wuta ba. Akwai kamfanoni masu zaman kansu da ke alƙawarin riga su, irin su Helion da ya ƙulla yarjejeniya da Microsoft kan 2028. Allah ya ba su sa'a. Amma batirin da za ka saya yau zai tsufa ya mutu, ka canza wani, kafin irin wannan tasha ta zama abin da ƙasa kamar tamu za ta yi ciniki. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Ko da an ce gobe sun yi nasara, a waya wutar za ta zo, kuma a nan gizo ke saƙar. Mutanen Kaduna ba su manta da Oktoban 2024 ba, lokacin da aka lalata babban layin Shiroro zuwa Mando, ɗayan layin da ke agazawa shi ma ya faɗi, Arewa ta yi fiye da mako a duhu. Madatsar Shiroro tana nan da ruwanta, hanyar kawo wutar ce babu. Tashar Kudenda mai megawat 215 tun 2009 aka ba da kwangilarta. Wanda ya ga waɗannan ya san cewa matsalarmu ba ta ƙarancin ilimin kimiyya ba ce, kuma sabuwar tasha, ko wace iri ce, unguwar da ke da kyakkyawan layi da masu iya biya za ta fara haskawa.

Saboda haka mu dawo kasuwa.

Janareta shi ne mafi sauƙin saye, mafi tsadar riƙo. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 lissafinsa ya rikice. Ƙaramin janareta na fetur ba ya wuce ya ba ka yunit ɗaya da rabi a lita guda, wani ma bai kai ba. Idan lita tana naira 900, yunit ɗaya ya kama maka naira 600 ke nan, ban da baƙin mai, fulogi da kuɗin bakanike. Kwatanta da na mita: ko masu rukunin Band A, wato waɗanda aka yi wa alƙawarin wuta mafi yawan awanni, da aka ƙara musu kuɗi zuwa naira 225 kan yunit a Afrilun 2024, ba su kusa da wannan ba. Duk da haka ba zan ce kowa ya yar da nasa ba. Mai walda a Panteka, mai injin markaɗe, mai aski da ke kunna na'urar busar da gashi, duk mai aikin da ke jan wuta da ƙarfi na ɗan lokaci, janareta ne ya fi masa. Sharaɗi ɗaya: kada a kwana da shi a zaure ko a baranda kusa da taga. Hayaƙinsa mai kisa ba shi da wari, kuma ya sha hallaka iyali guda a dare ɗaya.

Sai inbata da batir, ba tare da farantin sola ba. Wannan ajiya ce kawai, ba ta samar da komai. Idan layinku na samun wuta awa takwas ko goma a rana, kuma ba ta zuwa da rauni, dabara ce mai kyau da araha. Idan kuwa unguwarku irin wadda taransifoma ke lalacewa a yi wata ana karɓar kuɗin gyara gida-gida ce, to ka sayi akwati ne kawai.

Sola cikakkiya ita ce ta fi cin kuɗi a farko, kuma a nan ne aka fi cutar mutane, don haka zan ɗan daɗe a kai. Kada ka fara da tambayar "nawa ne sola?" Ka ɗauki biro ka rubuta abin da kake kunnawa. Fanka uku ta sama, kowace wat 70, na awa goma, yunit biyu ne da ɗoriya. Ƙwan fitila takwas da talabijin, kusan yunit ɗaya. Firji, ɗaya da rabi. Gida irin wannan yana cin yunit huɗu zuwa biyar a rana, kuma yawancinsa da dare ne, lokacin da babu rana. Ma'ana, batir ne zuciyar aikin.

Batirin ruwa mai amfiya 200 a bolt 12 yana ɗauke da yunit 2.4 a rubuce, amma idan kana so ya yi ƙarko rabin kawai za ka riƙa sha. Biyu ke nan za su ba ka yunit 2.4, wanda ba zai kai gidan da muka lissafa asuba ba. Ga shi yana son a riƙa duba ruwansa, ga zafin Maris da Afrilu yana rage masa kwana. Na litiyam mai yunit 5 zai ba ka huɗu ko fiye kullum, kuma ya yi caji da sauke caji sau dubbai. Kuɗinsa ya fi yawa a rana ɗaya, amma wanda ya sayi na ruwa sau biyu ko uku a tsawon rayuwar na litiyam guda ya san wanne ne mai tsadar. Idan aljihu bai kai ba, gara ka rage kayan da za ka ɗora, ka sauya fankokin zuwa na DC, wato masu aiki da irin wutar batir, masu cin wat 30, da ka sayi babban inbata da raunanan batura.

A shago, ko a Kasuwar Gumi ko a kan titin Ahmadu Bello, kada takardar da aka manna ta ruɗe ka. Farantin da aka rubuta wa wat 550 tsawonsa ya haura mita biyu, faɗinsa ya ɗara mita ɗaya. Idan aka ɗauko maka wanda bai kai kafaɗarka ba, aka ce "Alhaji, sabon samfuri ne, ƙarami amma da ƙarfi," ka yi godiya ka wuce. Batirin amfiya 200 na gaske kilo sittin ne ko kusa da haka, ba yaro ɗaya ke ɗaga shi cikin sauƙi ba. Ka duba kan sandunansa biyu ko akwai sawun an taɓa ɗaure su da ƙusa. A na litiyam, ka nemi a nuna maka an rubuta LiFePO4, ka tambayi ko ƙwayoyin cikinsa sababbi ne ko na kwance, a kuma rubuta maka garanti a rasit, da shekarunsa.

Faranti huɗu masu wat 550 za su iya tara maka wajen yunit takwas a rana mai haske a Kaduna. A watan Agusta, da hadari ke wuni a sama, abin yana raguwa sosai, don haka da Agusta za ka yi lissafi, ba da Maris ba. Lokacin hunturu kuma ƙura ce: ka shafa yatsa a kan gilashin za ka ga layi ya fito fes, wannan jan garin da ya biyo yatsanka kuwa wuta yake ci. Saboda haka a kafa su inda mutum zai iya kai hannu ya wanke, su ɗan karkata suna kallon kudu. Na'urar caji ta zama MPPT, wato irin wadda ke tatso iyakar wutar da faranti zai iya bayarwa. Waya ta zama jan ƙarfe zalla mai kauri. A binne sandar kariya daga tsawa, domin damina ɗaya ta isa ta ƙone inbata.

Akwai abin da ke damuna a duk wannan. Kowane mai hali da ya koma sola ya rage sayen wutar mita, sai a bar kuɗin kula da layi a wuyan waɗanda ba su da zaɓi, tela mai keke ɗaya da mai sayar da ƙanƙara. Litiyam ɗin da ke cikin batirin nan kuma, irinsa ake haƙa a Nasarawa da wasu sassan jiharmu a fita da shi, ya dawo mana a akwati da farashin dala. Tashoshin nukiliyar haɗewa ma za su buƙace shi, domin tiritiyam ba ya samuwa da yawa a duniya, daga litiyam ake shirin samar da shi. Ga mai ƙaramin ƙarfi dai, ƙananan sola masu ƙwai uku ko huɗu da wurin cajin waya da fanka, waɗanda wasu kamfanoni ke bayarwa a biya kaɗan-kaɗan, sun fi ƙaramin janareta nesa ba kusa ba. A dai tambayi jimlar kuɗin da za a biya har ƙarshe, da abin da zai faru idan an makara wata guda.

Wanda zai sa babba, ya nemi inbata mai bolt 48 da ke karɓar sola da wutar layi da janareta, don ya iya ƙara batir ko faranti daga baya ba tare da ya sake komai ba. Kuma kada ka biya mai haɗawa duka kuɗinsa ranar da ya gama. Ku yi yarjejeniya tun farko cewa cikon sai kayan sun kwana biyu ɗauke da firji da fankoki, ka ga abin da batir ya nuna da asuba.