Gargaɗi ga masu gyaran tsohuwar mota: ku kiyayi mai sayar da kik a Facebook

Jama'a, ga abin da ya same ni. Na san akwai masu tsohuwar mota a ajiye a gida irina, kuma mutumin da ya cuce ni har yau yana nan yana tallarsa.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana Fijo 504, irin waɗanda aka fara haɗawa a Kaduna tun 1975. Shekara shida tana ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, tayoyi sun sace, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Yayyena suka ce a sayar wa 'yan gwangwan. Raina bai ba ni ba, domin a cikinta aka riƙa kai mu makaranta, a cikinta kuma aka kai Hajiya asibiti ranar haihuwar autanmu. Na ɗauko bakanike, aka zubar da tsohon fetur da ya yi kauri kamar ƙaro, aka wanke kafireto, aka sauya fulogi da baƙin mai, aka ɗora batir na aro. Na murza makulli, sai na ji ƙas sau ɗaya, daga nan shiru. Bakanike ya ce kik ne ya mutu, wato na'urar da ke juya inji idan an murza makulli, ko kwance shi bai yi ba. Ni kuma na yarda.

A wani zauren masu kayan mota a Facebook na ga tallar: kik ɗan Beljiyam na 504, ba a taɓa buɗe shi ba. Na kira lambar. Mutum mai daɗin baki, Alhaji sama Alhaji ƙasa. Ya turo mini bidiyon kik a ƙasa, an jona masa waya yana juyawa. Ya ce saura ɗaya tak, kuma wani daga Zariya yana hanya, amma tunda na ce motar gado ce zai riƙe mini. Na tura naira 38,000, da 4,000 kuɗin mota. Sunan da ya fito a asusun banki daban yake da na shafin. Da na tambaya, ya ce na ƙaninsa ne. Nan ya kamata in tsaya, amma ɗokin jin ƙarar motar nan ya rufe mini ido.

Bayan kwana uku kaya suka iso tasha a kwali. Baƙi wuluk, yana sheƙi, yana warin sabon fenti. Har noti da wurin ɗaura waya an shafe da fenti. Na kai wa wani dattijon rewaya a unguwarmu. Ya kankare gefe da sukuddireba, sai ga tsatsa. Da ya buɗe, burushi sun cinye saura kaɗan, wayoyin ciki sun yi baƙi da ƙauri, haƙoran gaba sun gutsuttsure. Ya ce, "Ɗana, wannan ko na 504 ba ne." Na ce, "Baba, ai na gan shi yana juyawa." Ya ce kik mai rabin rai ma yana juyawa a ƙasa, tunda ba komai yake ɗauka ba, sai an ɗaura shi ya juya inji ake sanin lafiyarsa.

Na kira mutumin. Da farko ya ce yaronsa ne ya yi kuskuren kwali, in ƙaro 15,000 a aiko na gaskiyar. Da na ce ya fara dawo da kuɗina, sai ya toshe lambata. Na rubuta a zauren, kafin magariba mutum uku sun yi mini magana: bidiyo ɗaya aka tura mana duka, har da mai neman kik ɗin Gwalf. Sunan shafi kawai yake sauyawa.

Abin da ya fi ƙona mini rai, kik ɗin motar lafiyarsa ƙalau. Baba rewaya ya zo gida, ya auna batir ya ga 12.6, wato a cike yake, ya ɗauko waya mai kauri ya haɗa kan batir na negatif da jikin inji, ya ce in murza. Inji ya juya. Ashe wayar at ce, wadda ke haɗa negatif ɗin batir da jikin mota, tsatsa ta cinye a shekarun da motar ta yi a ajiye, wuta ba ta samun hanyar komawa. Naira 2,000 ta gyara ta.

Don haka idan motarka ta yi ƙas ta ƙi tashi, a fara duba kan batir da wayar at, sannan a kwance kik a gwada kafin ka nemi wani. In saye ya kama, ka ɗauki tsohon ka tafi kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna da rewayarka, a jera su a gani, a yi sharaɗin musanya idan bai yi ba. Kada ka tura kuɗi saboda bidiyo, balle zuwa asusun da sunansa ya saɓa.

Na kai ƙorafi bankina da shaidar turawa, ina jira. Motar kuwa ta tashi ranar Juma'a, Hajiya ta fito ƙofar gida ta dafa ta tana hawaye. Kik ɗin bogin yana cikin but, duk mai son ganin yadda fenti ke ɓoye tsatsa ya zo in nuna masa.